Loma Ɗaya ta Baba Ezekiyel

Tun ranar Laraba Scholastica ta san amsar da mahaifinta zai bayar, domin Baba Ezekiyel ba da baki yake korar manemi ba. Da loma ɗaya yake yi.

Haka ya taso ya tarar a gidan kakanninsa can Garaku, kuma duk bokonsa bai yarda ya saki abin ba. Idan saurayi ya nace yana son 'yar gidan, sai a bar shi ya ciyar da uban yarinya sau ɗaya. In uban ya cinye abin da aka sa masa a gaba, to a turo manya. In kuwa ya gutsuri loma ɗaya don kada a ce ya wulaƙanta abinci, ya wanke hannu ya bar saura, magana ta mutu ke nan, ba zagi ba ɗaga murya. Samari biyu ya yi wa haka a kan yayarta Vera. Ɗayan har rago ya kayar, Baba ya ɗauki tsoka guda, ya sa masa albarka, ya nemi takalmansa.

Yanzu abin ya zagayo kan Sukola, kamar yadda ake kiranta a gida.

Shekara uku ke nan tana son Obumneme, ɗan wani mai shagon kayan mota a Sabon Gari. A Keffi aka haifi Obum, Hausarsa ma ta fi tata gogewa, amma laifinsa biyu ne a wajen Baba, kuma ba ya gajiya da maimaita su. Na farko, wata rana zai kwashe masa 'ya ya kai ta Gabas, sai dai a riƙa jin muryarta a waya. Na biyu, namiji ne da gemunsa yana riƙe da ludayi. Shekara shida da Obum ya yi yana koyon girki a wani babban otal a Abuja, wanke-wanke Baba yake kiransu.

Ga kuma Godwin a gefe, ɗan garinsu, ma'aikacin gwamnati a Abuja, mai mota da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Shi Baba yake so, kuma bai ɓoye ba.

A makon nan Baba ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Sai ranar Laraba Obum ya aiko ta hannun Mama Anjelina, mahaifiyar Sukola, cewa yana roƙon a ba shi dama ya yi wa iyali walimar rana a ɗan gidan abincinsa, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kowa ya zaci Baba zai ƙi. Sai ya amsa nan take, har da murmushi, kuma murmushin ne ya kashe wa Sukola jiki. Kafin ta tashi daga gabansa sai da ya sa ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi alkawarin ba za ta gaya wa yaron al'adar gidan ba.

Ranar Asabar da la'asar ta sami Mama a tsakar gida tana tsince wake. Ta zauna kamar za ta taya ta, amma ko ƙwaya biyar ba ta tsince ba hawaye suka fara ɗiga cikin faifan.

"Mama, don Allah ki sa baki. Ke kaɗai yake ji."

"Ni yake ji?" Mama ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Shekara talatin da bakwai ina zaune da mutumin nan, har yau ban raba shi da shan shayi mai sanyi ba."

"Kwana uku Obum bai huta ba yana shirin gobe. Zai tsaya a gaban Baba da murnarsa, bai san korarsa aka zo yi ba. Mama, in aka raba ni da shi wallahi ba zan auri Godwin ba. Gara in tsufa a ɗakinki ina koyar da 'ya'yan mutane."

Mama ta ajiye faifan, ta jawo kanta ta kwantar a cinyarta kamar ba malamar makaranta mai shekara ashirin da takwas ba. Ta ce ta yi wa Baba magana har sau uku, na ukun sai da ya juya mata baya. Ta ce kuma kada Sukola ta kuskura ta sa yaron ya fasa, don fasawar ma amsa ce a wajen Baba. Abin da ya rage addu'a ce, sai kuma ta wanke fuska, kada gobe ta je da kumburarrun idanu Godwin ya ji daɗi.

Duk da haka Sukola ta kira Obum, ta tambaye shi me zai dafa. Dariya kawai ya yi, ya ce abin da bai taɓa yi wa kowa a Keffi ba, ta jira ta gani. Ta kashe wayar da sauri kafin ya ji muryarta tana rawa.

*

An yi ruwa da safiyar Lahadi, gari ya yi luf. Suna fitowa daga coci suka tarar da motar Godwin a bakin ƙofa. Ashe Baba ya gayyato shi, wai don ya rage musu hanya. Sukola ta shiga baya ta manne da ƙofa har suka isa Sabon Gari.

Gidan abincin yana bayan shagon mahaifin Obum, tebur huɗu ne kacal, amma ranar an kwashe uku an bar ɗaya a tsakiya da farin ƙyalle da furanni. A gefen kowace kujera an jera cokula da wuƙaƙe kamar za a yi wa mutum tiyata.

Obum ya fito cikin farar riga da doguwar hular girki, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Da ya ga Godwin fuskarsa ta ɗan canza, amma ya miƙa masa hannu, ya ja masa kujera. Sannan ya fara bayani a ladabce, cewa a manyan otal idan rana ta musamman ce akwai wani salon ciyarwa da ake kira ɗanɗano, kuma ya shirya komai ne a kan wuraren da Baba ya koyar. Baba bai saurare shi ba. Fankar sama yake kallo, so yake kawai a kawo ya yi lomarsa ya tafi gida.

Aka kawo farantin farko, ƙato, fari ƙal. A tsakiyarsa wani ƙwallon doya ne da bai fi lemun tsami girma ba, da ɗigon miyar riɗi uku a gefe.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya juya ya tambayi Mama ko sauran ya zube ne a hanya.

Nan fa Godwin ya samu abin yi. Ya gyara zama, ya ɗauki cokali mai yatsu da yatsa biyu, ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Wannan share fage ne kawai, ba a sa shi cikin abinci. Ni na san irin wuraren nan, kusan duk wikend ina ciki. Ainihin abincin yana tafe."

Jin haka sai Baba ya ture cokulan gefe, ya sa hannu ya ɗauki ƙwallon ya jefa a baki. Ya tauna, girarsa ta ɗan ɗaga, ya yi maza ya maido da ita.

Sai a faranti na biyu Sukola ta farga. Farfesun busasshen kifi ne a wani ɗan kofi kamar na shan magani. Obum ya ce na Panda ne wannan, inda Baba ya fara koyarwa, lokacin da shi da Mama suke ɗaki ɗaya da risho ɗaya. Baba ya harari Mama don ya gane inda labarin ya fito, ya ɗaga kofin ya kurɓe shi gaba ɗaya. Aka ɗauke kofin ba komai a ciki, kamar yadda aka ɗauke farantin farko.

Sukola ta gane Baba cinyewa yake yi bai sani ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji Mama ta mintsine ta a cinya ta ƙarƙashin tebur, mintsinin da ba ta sha irinsa ba tun tana firamare. Ta haɗiye maganarta, ta sunkuyar da kai.

Haka aka yi ta tafiya. Acca cokali ɗaya da ganyen rama a kai. Yankan zabo gasasshe da bai kai yatsa biyu ba. Duk wanda aka ajiye sai Baba ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya tambayi yaushe za a kawo abinci, Godwin ya ce saura ƙiris, Baba ya share farantin tas. Wajen na biyar ma ya manta da fushi ya zo, ya shiga ba su labarin shekarar da iska ta kwashe rufin aji a Garaku, ya yi wata biyu yana koyar da lissafi a gindin ɗorawa. Mama tana ta ƙara masa zance, tana dariyar da ta wuce girman labarin. Ita kuwa Sukola ba ta san ɗanɗanon ko ɗaya ba. Ƙirga faranti take yi a zuci tana kiran sunan Yesu.

Na bakwai kunun gyaɗa ne da aka daskarar kamar ƙanƙara, da yankan mangwaro. Baba ya ce wannan ai wasan yara ne, amma har da sake bin farantin da cokali.

Sai ga Obum ya fito yana share gumi, fuskarsa cike da farin ciki. Ya rusuna ya ce, "Baba, shi ke nan. Na gode ƙwarai da kuka cinye duka, ban taɓa jin daɗin girki kamar yau ba."

"Shi ke nan me?" in ji Baba. "Ina abincin?"

"Ai shi ne wannan, Baba. Faranti bakwai, kowanne na shekara biyar."

Baba ya dubi farantin da ke gabansa, wanda ko ƙuda ba zai samu abin lasa a ciki ba. A hankali ya juya ya dubi Godwin, shi kuwa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da amsa a tafin hannu ranar jarrabawa.

Amma Godwin ba ya faɗuwa shi kaɗai. Nan da nan ya murje ido ya ce ai tarko ne aka ɗana. Ya ce wa ya taɓa ganin an gayyaci dattijo an ba shi loma ɗai-ɗai in ba an san al'adarsa ba? Sukola ce ta kwashe sirrin gida ta kai Sabon Gari, suka haɗa baki suka mayar da Baba abin dariya a ranar girmamawarsa.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro.

"Scholastica. Kin ɗora hannu a kan Littafi."

Ta zame daga kujera ta durƙusa, hawaye suka wanke mata fuska. "Baba, ban gaya masa ba. Na so in gaya masa, jiya har na kira shi, amma ban faɗa ba. Ni kaina ban san haka abincin yake ba sai da na gani. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama, amma kada ku ce na ci amanarku. Ban taɓa yi muku ƙarya ba, ko a kan son da nake masa ban yi ba."

Obum yana tsaye yana kallon wannan yana kallon wancan, bai gane komai ba. Mama ce ta yi masa bayani a gajarce, ta loma ɗaya da cinyewa da abin da kowanne yake nufi. Ta ƙarasa tana kallon mijinta ido cikin ido, ta ce ita dai abin da ta sani al'ada al'ada ce, an cinye, kuma a gaban shaidu, har da wanda shi da kansa ya gayyato.

Gaskiyarta ce, kuma Baba ya sani. Ya yi kicin-kicin da fuska. Sukola ta ji wani sanyi ya fara ratsa ƙirjinta. Sun tsira ke nan, ko da ta bayan fage ne.

Sai Obum ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Baba, ban san da wannan ba. Da na sani da ba haka zan yi ba. Ba na so in samu 'yarku ta hanyar da duk kuka tuna ranku zai ɓaci. Akwai doya a kan wuta, ta ma'aikatana ce. Ku ba ni ɗan lokaci in kawo muku abinci cikakke, ku ba ni amsarku yadda kuka saba."

Baba ya dube shi, karo na farko tun da suka shigo. Ya ce, "Je ka kawo."

Sukola ba ta san lokacin da ta tashi ta bi shi har ƙofar kicin ba. Kuka take yi sosai yanzu, tana tambayarsa me ya aikata, ya san kuwa abin da ya zubar? Shekara uku suna jiran rana irin wannan, Allah ya ba su a hannu, shi kuma ya mayar.

"Na sani," ya ce, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Amma in da wayo na aure ki, har abada ɓarawo ne ni a gidanku. Ke kuma kullum kina tsakanina da babanki. Koma ki zauna, Sukola, kada su ce wani abin muke ƙullawa."

Ta koma. Can sai ƙarar taɓarya ta fara tashi daga kicin, dukan mai ƙarfi wanda bai san gajiya ba. Godwin ya yi ƙoƙarin jan Baba da hira, Baba ya ɗaga masa hannu. Sauraron dakan yake yi, kansa a karkace.

Obum ya dawo da kwano a hannu biyu. Tulin sakwara ne mai sulɓi yana tururi, da miyar agushi da kifi a wani kwanon. Ya ajiye, ya zuba wa Baba ruwan wanke hannu da kansa, ya ja baya ya tsaya.

Baba ya gutsura. Ya mulmula ta a tafin hannu yana duba ko akwai gudaji, bai samu ba. Ya dangwali miya ya kai baki, ya daɗe kafin ya haɗiye.

Daga nan ya tsaya. Ya jingina da kujera, ya bar hannun a gefen kwano.

Godwin ya fara wasa da makullin motarsa. Mama ta kawar da kai. Sukola ta runtse ido, tana jiran ƙarar ruwan wanke hannu, tana jin kamar ana zare mata rai a hankali. Ta ce a ranta shi ke nan, Obum ya kashe su da gaskiyarsa, kuma abin haushin ba ta taɓa son sa kamar a wannan lokacin ba.

Abin da ta ji ba ƙarar ruwa ba ce. Nishi ne, da ƙarar bel ana sassautawa.

"Maman Vera," in ji Baba, "ƙananan abubuwan nan munafukai ne. Ashe cika ciki suke yi a ɓoye. Ko za a yanka ni ba zan iya tashi da tulin nan ni kaɗai ba."

Ya tura kwanon tsakiyar tebur.

"Wanke hannunki. Ke ma Sukola, share fuskarki ki sa hannu. Kada a bar ko loma ɗaya a kwanon nan."

Godwin ya miƙa hannu wajen ruwa, Baba ya ce masa ya huta abinsa, wannan aikin 'yan gida ne. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Obum da ke tsaye da hula a hannu kamar an dasa shi.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Ja kujera. Kai ka tula ta, kai za ka fi kowa ci."

Obum ya zauna a gefen kujera, ya sa hannu, har miya ta ɗiga a farar rigarsa. Sukola tana ci tana kuka tana dariya, ba ta san wanne ya fi yawa ba. Cikinta a cike yake ita ma, amma da dutse aka sa a kwanon nan da ta haɗiye shi. Mama kuwa ta naɗe hannun rigar cocinta ta shiga aiki ba wasa. Ba wanda ya lura da lokacin da Godwin ya ce ana kiransa a waya ya fita, sai tashin motarsa suka ji, Mama ta ce ai keke napep bai ƙare a Sabon Gari ba, ba za su rasa abin komawa gida ba.

Da ya rage loma ta ƙarshe kowa ya janye hannu. Baba ya ja dogon numfashi kamar mai shirin ɗaukar buhu, ya ɗauke ta, ya share miyar da ta rage tas, ya haɗiye da ƙyar.

Ya wanke hannu, ya goge baki, ya ce wa Obum ya gaya wa mahaifinsa yana gida ranar Asabar mai zuwa. Ya ce maganar Gabas kuma tana nan, za su yi ta da manya, kada ya zaci an manta. Obum ya zube ƙasa yana godiya.

Sai da Baba ya miƙe, yana dafe da ciki, ya nuna fararen farantan da aka jera a gefe.

"Abu ɗaya zan gaya maka tun yanzu. Ranar biki kada in ga ƙwallon doyar nan a gaban mutanen Garaku. Cewa za su yi mun kira su ne mu kashe su da yunwa."

Ranar biki. Da bakinsa ya faɗa. Sukola ta kifa kai a kafaɗar Mama ta saki ajiyar zuciyar da ta riƙe tun ranar Laraba.